Mai Ɗanɗana Tuwon Yaya Sanda

Bana ruwa ya makara a Bagudo. Sau biyu muna shuka rana tana cinyewa, jikokina kuwa kullum sai su duba waya su ce mini gobe za a yi ruwa, kamar hadari yana aiko musu da saƙo. Shekaranjiya warin dafaffiyar tafasa ya ƙetaro daga gidan maƙwabta ya same ni a kan tabarma. Ban san lokacin da na koma 'yar shekara goma sha huɗu ba, a ƙauyenmu na kan hanyar Lolo, riƙe da akushin Yaya Sanda.

Shekarar da aka ba mu 'yancin kai ce. Ni a lokacin na ɗauka 'yancin wani abu ne da za a kawo a buhu a raba gida-gida, don haka na ƙosa ya iso, domin yunwa muke ji. Ruwan farko ya sauka, kowa ya fita ya yi shuka, gero ya fito kamar gashin jariri, sai sama ta rufe bakinta. Zafi kuwa, in ka ajiye ƙwai a bakin rijiya ka je ɗauko guga, sai ka tarar ya dahu. Ƙwan ne dai ba mu da shi. Inna takan shiga rumbu da tsintsiya ta share ƙasansa, ta fito da abin da bai cika ƙoƙo ba. Da safe kunun dusa, da rana kwaɗon tafasa, da yamma tuwon bado da muke tsinkowa a fadama, wanda in ka ci sai ka riƙa tambayar cikinka ko ya ga saƙo. Cikina yakan yi kuka har kajin maƙwabta su amsa.

Babanmu ya rasu shekara biyu kafin nan. Gidan ya rage daga Inna sai ni sai yayana Sanda, sai kuma Baffa Manu, ƙanin Baba, wanda danga ɗaya ta raba mu da shi kuma maganarsa ce magana a gidanmu. Yaya Sanda shi ne ƙarfin gidan. In ya kama kunya a gona, sai ya kai ƙarshe ya dawo wasu ba su gama tofa yawu a hannu ba. Shi ya koya mini iyo a gulbi, shi kuma yake ɓoye ni a bayansa duk ranar da na yi ɓarna, wato kullum.

Tun kakar da ta gabata ya fara canzawa. Ya daina zuwa dandali, ya daina wanka sai an yi da gaske, sai ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana kallon rumbu yana motsa baki. Wata rana ya kira ni ya tambaye ni a hankali ko ina jin mutanen nan biyu da ke cikin rumbu. Ya ce hirarsa suke yi tun safe, ɗaya yana faɗin duk abin da yake yi, ɗayan yana cewa za a zuba masa wani abu a abinci. Na leƙa rumbun, na ce masa ko ɓera ya yi hijira daga ciki. Bai yi dariya ba. A nan na fara jin tsoro, don duk ƙauyen ba wanda ke yi wa shirmena dariya kamarsa.

Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi tofi. Muryoyin ba su tafi ba. Da bazara ta yi nisa sai ya daina cin abinci. Akushi yakan je ya dawo yadda ya tafi, shi kuma yana ramewa har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

Yanzu dole in faɗi wani abu game da kaina. Ni ɓarauniyar abinci ce, kuma gwana. Tsakanin madafa da ɗakin Yaya taku ashirin ne, akwai lungu a bayan turken awaki, a nan nake tsayawa in gutsuri gefen tuwo, in jiƙa yatsa in shafe wurin ya koma sumul kamar ba a taɓa ba. Ranar nan ina cikin aikina, baki cike, sai na ɗaga kai na ga idonsa ta ramin zana. Na haɗiye lomar ba tauna. Na kai masa akushin ina jiran faɗa, sai ya ce in zauna. Ya zuba mini ido. Ya kalle ni har inuwar danga ta matsa taku guda. Da ya ga ban faɗi na mutu ba, sai ya jawo akushin, ya nemo daidai inda na shafe, ya fara ci daga nan. Ya cinye tas.

"Kulu," ya ce, "gobe ma ki sata. Amma nan gabana."

Haka na samu aiki. A duk ƙasar Bagudo ba yarinyar da aka taɓa naɗa wa sarauta irin tawa: ana yunwa, ni kuma uwata da kanta take cewa in je in ci tuwon yayana. Loma uku ce ƙa'ida. Ni nakan yi ta huɗu don tabbatarwa.

Da ruwa ya dawo aka sake shuka, Inna ta taka da ƙafa har garin Bagudo ta samo ma'aikacin ɗakin magani, wani tsohon soja mai suna Malam Dikko. Kowa Likita yake ce masa, shi kuwa kullum sai ya gyara, ya ce shi nas ne, jinya ya koya. Ya zo a kan keke, taya duk laka. Na zaci zai shiga ɗakin Yaya da allura, sai ya nemi tabarma ya zauna a gindin ƙirya nesa da ƙofa, ya yi sallama, ya kama hirar ciyawar da ta cinye gonaki. Sai da ya zo sau biyu kafin Yaya ya amsa masa gaisuwa.

Bayan nan ya tara mu ya yi mana bayani. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon hanta ko na huhu, yakan kama matasa masu ƙarfi, kuma ya ga irinsa a bariki. Sunan da ya faɗa ya fi ƙarfin haƙorana a lokacin. Sai da na tsufa na iya cewa sikizofiriniya ba tare da na ciji harshe ba. Ya ce muryoyin nan Sanda yana jin su da gaske kamar yadda muke jin kukan jaki, don haka kada mu yi masa gardama, kada kuma mu ce muna ji. A ce masa kawai, mu ba ma ji, amma mun san kai kana ji. A riƙa tashinsa lokaci ɗaya, a ba shi ruwan wanka, a ba shi ɗan aikin hannu. Sannan ya hana raɗa a gidan, ya ce raɗa a bayan danga ita ce abincin ciwon. Daga ranar muka koma magana da ƙarfi, har maƙwabta suka san yawan gishirin da ya rage mana.

Ya bar ƙwayoyin magani a ƙunshin takarda. Ya ce a sa masa a tafin hannu, a faɗa masa ko mene ne, in ya ƙi a ƙyale shi a sake gwadawa gobe. Ya maimaita cewa kada a ɓoye a abinci.

Yaya ya ƙi. Kwana huɗu yana ƙi. A rana ta biyar Baffa ya ce wa Inna wannan tsarin na mutanen bariki ne, su da suka yi renon yara sun san yadda ake ba da magani. Suka daka ƙwayar suka dama a fura, kuma don a rama kwanakin da suka wuce suka ƙara da ta jiya. Ni ba su gaya mini ba, wai bakina ba ya riƙe magana. Gaskiyarsu ce, amma sun manta da aikina.

Fura ce ta gaske, ta farko da na gani cikin wata guda, har da ɗan nonon da wata Bafulatana ta kawo. Na zauna gaban Yaya na ɗaga ƙwarya. Na ji ɗan ɗaci, na ce tsamin nono ne, na ƙara kurɓa don in tabbatar, na sake ƙarawa don in tabbatar da tabbacin. Shi yana jiran inuwa ta matsa kamar kullum. Kafin ta matsa harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, ƙasa ta taso ta same ni.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Yaya ya ga ƙanwarsa ta sha abincinsa ta faɗi, daidai abin da mutanen rumbu suka yi wata da watanni suna faɗa masa. Ya ɗauke ni ya kwantar a inuwa, ya ɗauko fartanya ya tsaya a kaina, ya ce duk wanda ya matso sai ya sare shi. Inna tana kuka daga nesa. Baffa ya yi ƙarfin hali ya matso, Yaya ya ture shi da hannu ɗaya ya faɗa kwamin ruwan awaki, a gaban maƙwabtan da suka cika gidan. Daga hantsi har la'asar yana tsaye, yana kore mini ƙuda da gefen rigarsa, yana yi wa muryoyin tsawa su yi shiru kada su tashe ni. Ni kuwa ina can ina barcin da ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Da na buɗe ido, abin da na fara tambaya shi ne ina sauran furar.

Baffa ya yi rantsuwa a ranar. Ya ce ran kasuwar Lolo zai ɗaure Sanda a kan jaki ya ƙetara da shi Dahome, wurin wani boka da ke sa ƙafar masu irin wannan ciwo a turu, wato gungumen itace mai rami, yana dukansu da tsumagiya har abin da ke jikinsu ya fita. Na san wurin ba wasa ba ne. Akwai wani mutumin ƙauyenmu da aka kai, ya dawo da tabo zagaye da idon sawunsa, bai sake magana da kowa ba har ya mutu.

Washegari Malam Dikko ya zo. Ya duba idona da harshena, ya ce zan rayu in ci gaba da addabar mutane. Bai ɗaga murya ba, amma ya ce wa Baffa da Inna sun yi wa muryoyin nan shaida, yanzu Sanda yana da hujja. Ya ce gyara ɗaya ne, wanda ya zuba ya je ya faɗa da bakinsa. Baffa ya ce shi ba zai durƙusa wa ɗan da ya jefa shi a ruwan awaki ba. Saura Inna.

Yaya Sanda ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna kusa da shi ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce mini, kai wa wancan. Ranar nan ta ɗauki tabarma da kanta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakinsa, ta zauna tana kallon ƙasa.

"Sanda," ta ce. Ni da shi duk muka ɗaga kai. "Ni na zuba. Magani ne, ba guba ba. Tsoro ya sa munka ɓoye maka, kuma mun yi kuskure. Ba ni ƙarawa."

Ya zuba mata ido. Can ya tambaye ta ko ita ce da gaske ta kira sunansa, ko mutanen rumbu ne. Ta ce ita ce.

Malam Dikko ya roƙi Baffa ya ɗaga tafiyar. Ciyawa ta riga ta rufe gonar Baba, tunda mai nomanta yana kwance, kuma an sa ranar gayya nan da mako uku. Baffa ya ce to, ya ji. In Sanda ya fita gayyar nan ya yi noma cikin mutane, ya ci abinci tare da su kamar kowa, ya bar maganar. In ya tayar da hankali ko ya zauna yana zargin tuwon jama'a, kasuwar da ke biye sai Dahome.

Sai aka koma farko. Malam Dikko ya sa ƙwayar a tafin Yaya, ya faɗa masa gaskiya: za ta sa shi barci, za ta busar masa da baki, in ya miƙe da sauri zai ji jiri, amma za ta rage ƙarar mutanen rumbu. Yaya ya juya ta, ya miƙo mini, wai in fara. Na ce masa ni na riga na sha rabona na shekara uku, har da na 'ya'yan da zan haifa. Sai ya yi dariya, 'yar gajeriya, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Bai sha a ranar ba. A rana ta uku ya sha.

Makonnin nan ruwa ya yi ta zuba. Ɗakin Inna yana yoyo a wuri biyar, muna bin ɗigon da ƙore. Kullum da safe in kai masa ruwan wanka, Inna ta miƙa masa ƙwaya a hannu, in yi lomata uku, sannan mu zauna muna tufka igiyar rama, shi yana gyangyaɗi. Wata rana ya ce mini mutanen sun koma kamar masu hira a ƙetaren gulbi. Wata rana kuma su dawo bakin kunnensa, ya ƙi fitowa sam. Ni dai ina ƙirga ranakun kasuwa a yatsu.

Ranar gayya gari ya waye da sanyin ruwan jiya, ƙasa tana ƙamshi. Inna ta musanya akuyarta ɗaya da dawa, mata suka kwana biyu suna daka. Maza kusan talatin suka jeru da fartanyu, makaɗi yana binsu. An sa Yaya a ƙarshen layi, nesa da ganga, kamar yadda Malam Dikko ya ce. Ba shi da saurin da, yana yi yana tsayawa yana share gumi, amma kunyarsa ta fita tsaf, ba ciyawa ko ɗaya.

Da rana ta take muka kawo tuwo. A garinmu 'yan mata sukan ajiye ƙore su koma can gindin tsamiya, ba mai matsawa inda maza ke ci. Mai gayya kuma ba ya sa hannu a abinci sai baƙinsa sun ƙoshi. Yana tsaye ne yana zagayawa yana cewa a ƙara. Wanda ya ci kafin baƙinsa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Baffa ne mai gayya.

Maza suka zauna biyar-biyar. Aka yi bisimilla, hannaye suka shiga. Na Yaya yana kan gwiwarsa. Daga inda nake ina ganin leɓensa yana motsi, yana kallon tuwon, yana waiwayen tsamiya yana nemana. Masu ci a ƙwaryarsa suka lura suka dakata, na kusa da su ma suka dakata. Na miƙe. Inna ta damƙe zanena ta baya, ta ce in na sa hannu a ƙwaryar maza gaban mutum talatin, ba ni ba, har ita sai ta bar garin. Na ce to a bar garin. Muna cikin ja-in-ja sai na ga Baffa ya tsaya a bayan Yaya.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kira yaron da ke riƙe da buta ya wanke hannu, ya tattara riga ya tsuguna. Ya gutsuri tuwo daga gaban Yaya ya kai baki. Har makaɗi ya kifa gangarsa yana kallo.

Yaya ya kalle shi, ya nuna wani gefen da yatsa. "Ba nan ba, Baffa. Nan."

Baffa ya ci nan ɗin. Yaya ya juya ƙwaryar ya nuna wani wurin, Baffa ya ci. Ya nuna miya, Baffa ya lasa. Wani tsoho daga can ya ce, Manu, in ka gama da wagga akwai tamu, mu ma ba mu yarda da ita ba. Aka fashe da dariya, Baffa da kumatu cike ya kasa ramawa. Yaya bai yi dariya ba, yana kallon Baffa yana jira, Baffa kuma ya zauna a tsugune ya bari a kalle shi. Da lokacin ya cika a lissafin Yaya, sai ya sa hannu daidai ramin da Baffa ya bari. Inna ta saki zanena, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

A hanyar gida Baffa ya rage tafiya har na iso shi. Bai kalle ni ba, ya ce, "Ke, loma nawa kike yi?" Na ce uku. Ya ce shi bakwai aka sa shi, ashe ni aka raga wa.

Ran kasuwar Lolo ya ɗaura wa jaki mangala tun da sassafe, ni da Inna muna leƙe ta zana. Ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce Sanda ya duba masa gonar gero saboda awakin mutane, shi zai je kasuwa ya dawo. Ya kaɗa jakinsa ya tafi shi kaɗai. An yi shekaru ana kiransa Manu mai riga baƙi cin tuwo, bai taɓa tankawa ba.

Ba zan ce Yaya Sanda ya warke ba. Mutanen rumbu sun zauna da shi har tsufansa, wata shekara su yi nisa, wata su matso, musamman in magani ya yanke, a lokacin kuwa yakan yanke, sai an jira mota daga birni. Yanzu ɗan maƙwabciyata mai irin ciwon babur yake hawa ya je a yi masa allura sau ɗaya a wata ya dawo shagonsa. Yaya bai samu wannan ba. Amma ya yi noma, ya yi kiwon tumaki, ya goya 'ya'yana, kuma ƙafarsa ba ta taɓa shiga turu ba.

Ni ce dai aka cuta. Kakar shekarar gayyar ta zo, aka yi bikin 'yancin kai, 'yan makaranta suka zagaya da tutoci, sabon gero ya shigo gida. Inna ta tuƙa tuwo fari sol da miyar kuɓewa ɗanya da kifin gulbi. Na ɗauko akushi na ajiye gaban Yaya, na naɗe hannun riga zan fara aiki, sai na ga ya riga ya yi bisimilla ya kai loma baki. Ya ci ta biyu. Wato duk daminar bado da dusa ni ce a gaba, ranar da kifi ya shigo aka sallame ni. Na faɗa masa haka, na ce wannan zalunci ne kuma zan kai ƙara wurin sabuwar gwamnati.

Ya tauna a hankali, ya zare ƙaya, ya tura akushin tsakaninmu, ya juyo mini da gefen da kan kifin yake.

"Zauna ki ci, Kulu," ya ce. "Yau ba aiki ba ne."